Askar Sodangi

Shafi na 23

Masu cewa na yi kwana biyu shiru, na ji ku. Aiki ne ya sha kaina. Mun tsaya ranar da aka sako Lawali, to ga abin da ya faru washegari.

Sodangi bai bar Lawali ya kwana biyu a gida ba. Ranar Laraba aka buɗe masa ƙofar gidan yari, ranar Alhamis da hantsi yana bayan keken Sodangi sun nufi kasuwa, da sabuwar tabarma naɗe a hammatarsa.

Atika matar Sodangi ta ce a bar bawan Allah ya huta mana, ko uwarsa a Runjin Sambo ba ta gama kallonsa ba. Sodangi ya ce shekara huɗu yana hutawa, ta isa. Wanda ya fito daga can, in ya yi mako guda zaune, tsofaffin abokai ne za su zo su ba shi aiki, shi kuwa ya san irin aikinsu.

Shekara biyu ke nan da gwamnatin soja ta ce a koya wa fursunoni sana'a. Aka zagaye layin dukawa ana neman wanda zai je, kowa ya tashi da ciwon baya. Sodangi kaɗai ya ɗauki jakarsa. Asabar da Talata yake zuwa, kuma ba ɗinkin fata kawai ya koya musu ba. Ya koya musu gane fatar da ta sha bagaruwa da wadda aka yi wa gaggawa a majema. Ya koya musu tarbar mai saye ko da kallo kawai ya zo yi. Kada ka ce Juma'a in ka san sai Lahadi. Kada ka sayar da fatar tunkiya da sunan jar akuya, ko da baƙo ne da ba zai sake dawowa ba. Mutum goma sha ɗaya ya fara da su, amma Lawali ne hannunsa ya faɗa.

Sai dai iya ɗinki ba ya ba mutum wurin zama a layi. Layin dukawa yana da ƙa'idarsa tun kakanni. Maigida zai kawo wanda ya koyar, ya zare askarsa ta yankan fata ya miƙa wa babban layi. In babba ya karɓa, ya tofa mata addu'a, ya danƙa wa sabon mutum da hannunsa, an gama, sai ya shimfiɗa tabarma. In ya ƙi, ba a sake kawo mutumin nan, kuma duk faɗin Sakkwato ba majemin da zai ba shi fata ta kirki. Sau ɗaya ake yi.

Babban layi kuwa Maccido ne, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda tun ranar da Sodangi ya fara zuwa gidan yari yake kiransa gandiroba.

Suna isa aka bar aiki. Mutum takwas ne a layin, kowa bisa tabarmarsa. Malami, mai bakin layin, wanda ba ya ganin abu ya ƙyale, ya leƙa bayan Lawali ya ce shi sarƙar yake nema, ko an bar ta gida ne don nauyi. Biyu suka yi dariya. Lawali ya durƙusa ya gaida kowa, ɗaya bayan ɗaya, har Malamin. Da ya zo kan Maccido, tsohon ya amsa da hanci, idonsa na kan takalmin da yake huda.

Sodangi ya jingine keke. Bai zauna ba. Ya zare askar daga kube ya riƙe ta da hannu biyu, ƙota gaba.

"Yaya Maccido, ga Lawali na kawo. Ni nik koya mashi. Ga aska."

"Mai da ita kube, Sodangi. Ba ni son kunyata ka gaban ƙannenka."

"Ta riga ta hito."

Maccido ya ajiye basilla. Ya ce shi ba ya gaba da kowa, Allah ma ana yi masa laifi ya yafe. In mutumin nan dako yake so, ga kasuwa. In ruwa zai sayar, shi zai fara saye. Amma aska daban ce. Sai ya juya kan Sodangi ya ce ya faɗa wa layi da bakinsa abin da ya kai almajirin nasa can.

Sodangi bai kai ga buɗe baki ba Lawali ya amsa daga inda yake durƙushe.

"Mutum nit tsaga ma kunci da wuƙa, Baba. Tasha. Uwata yaz zaga."

"To, kun ji."

Maccido ya ce ya san mutumin, Tukur sunansa, lokacin yana yanka tikiti a tasha. Yana nan garin da ransa. Tun da aka yi sabuwar jiha duk wanda ya iya riƙe biro ya samu tebur, shi ma ya samu, har da Vespa. Amma tabon yana nan, daga kunne har haɓa, kuɗin gwamnati bai goge shi ba.

"Shi na kaka son in ɗauki aska da hannuna in ba, shi zamna bayana, ni ina ba shi ƙeya daga sahe hal marece?"

Sodangi ya ce ya ƙirga tabarmi. Da suna yara layin nan har bakin masu goro yake kaiwa, mutum ashirin da wani abu. Yanzu takwas, kuma ba wanda gemunsa bai fara fari ba. Ina ɗan Maccido na fari? Yana kwangilar siminti, in ya zo wucewa cikin Fijo sai ya toshe hanci wai fata na wari. Ina na Malami? Ya shiga soja. Nasa ma shi Sodangi, tirela yake bi zuwa Ikko. 'Ya'yan da suka haifa sun gudu, ga wanda ya zo da ƙafarsa yana roƙo, shi ne za a kora?

Maccido ya ce in layin zai mutu, ya mutu da mutuncinsa. Kuma ma, a bar batun wuƙa. Me mutumin ya iya? Jakar goro da ake ɗinka wa gandirobobi? Ya ɗaga basilla ya nuna sama da kansa.

"Ga dukanci nan. Ranad da mutuminka ya iya kwatan wagga, ka zaka mu yi magana."

Abin da Sodangi yake jira ke nan tun da gari ya waye.

Gafaka ce rataye a jikin azara, ta jar akuya, da adon kore da baƙi. Wata uku da suka wuce ma'aikatar al'adu ta aiko cewa za a yi babban bikin al'adu a Ikko, ana son aiki ɗaya daga layin dukawa, wanda ya fi kowane. Aka yi yadda aka saba, kowa ya kawo nasa aka zube kan tabarma ɗaya, babba ya zaɓa. Maccido bai yi dogon dubawa ba ya ɗauki wadda Sodangi ya ajiye. Ya ce ashe gandiroba bai manta gida ba. Tun ranar take rataye bisa kansa, duk baƙon da ya zo sai ya sauko da ita ya nuna masa. Yau kuma bayan azahar ma'aikata za ta turo a ɗauka, a rubuta sunan wanda ya yi. Sodangi ya san da haka. Shi ya sa bai bar Lawali ya huta ba.

"Sauko da ita, Yaya."

"Na san ta."

"Bayanta kas sani. Juya cikinta waje."

Maccido ya dube shi. Ya miƙe da kyar ya ciro gafakar, ya zare shafin da ke ciki, ya juya ta kamar mai fiɗar akuya. Layin duk ya matso.

Sodangi ya ce ya bi ɗinkin da babban yatsa. Tsohon ya bi. Ya tsaya. Ya ci gaba kaɗan, ya sake tsayawa. Ƙulli ne, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, an nutsar da shi cikin fatar yadda ido ba ya gani sai yatsa. Ya auna tsakanin biyu da hannunsa. Taƙi ɗaya. Ya auna na gaba. Taƙi ɗaya. Har ƙarshen gafakar haka.

Ba baduku mai hankali da zai yi wannan wahala. Kowa a layin zare mai tsawon gaba yake ja, ya ɗinke gefe guda bai ƙulla ba.

Sodangi ya ce a can ba a barin dogon zare ya shiga. Tun da wani ya taɓa rataye kansa, duk zaren da shi Sodangi ya kawo sai gandiroban ƙofa ya yayyanka shi taƙi-taƙi kafin ya wuce. Sauran ɗaliban ƙullinsu kamar ƙafar kaza, shi da kansa ya gwada nasa bai ɓoyu ba. Mutum ɗaya ne ya zauna wata shida har ya gano yadda zai binne shi.

"Ga shi nan durƙushe gabanka."

Har mai shayi na tsallake ya bar fifita wuta.

Malami ne ya fara magana. Ya ce ashe wata uku Baba yana zaune ƙarƙashin aikin ɗan sarƙa, har yana kore masa ƙuda. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, sai shi kaɗai, ita ma ya haɗiye rabi.

Sodangi ya ƙara miƙa askar. A ransa ya gama. Har ya fara duba inda tabarmar za ta shiga, tsakaninsa da Malami.

Maccido bai karɓa ba. Ya bar ɗinkin ya koma bakin fatar, inda aska ta bi. Ya ɗaga ta saitin rana, ya kanne ido ɗaya. Ya daɗe.

"Ɗinki nashi na. Na yarda, kuma ban taɓa ganin irinai ba." Ya sauke gafakar. "Yanka hwa?"

Sodangi ya dubi bakin fatar.

"Wanga yankan shekara talatin nika ganinai. Kai ɗai aka karkata aska hagu in ka zo kwana. Hannunka na, Sodangi. Ko ƙarya nika yi?"

Ba ƙarya yake ba. Zare ma an yayyanka, balle aska. A ƙofa ake karɓe ta duk zuwa, sai zai fita a ba shi. A gidansa da ke unguwar Gawon Nama yake yanke komai ya kai musu guntu-guntu, su nasu haɗawa da ɗinki. Shekara biyu bai taɓa ganin Lawali ya ja ƙarfe a kan fata ba. Lissafinsa shi ne a samu tabarmar tukuna, yankan ya koya masa a hankali, ba wanda zai lura. Ya manta da irin idon Maccido.

Maccido ya ce ya ji labari ana koya wa fursunoni kada su sayar da tunkiya da sunan akuya. To ga malaminsu ya kawo rabin baduku yana cewa cikakke ne. Wanda bai iya yanka ba, me zai yi da askar in an ba shi? Abu ɗaya dai aka san ya iya yi da kaifi, kuma an ji shi ɗazu.

Sodangi ya ce zai koya masa, wata biyu sun isa. Maccido ya ce sau ɗaya ake yi, ba shi ya kafa ƙa'idar ba, kuma ya gaya masa ya mai da ita kube ya ƙi.

Sai tsohon ya jawo katakon yanka gabansa. Ya zaro wata jar fata kewayayya, faɗin faifai, ya shimfiɗa. Ya naɗe hannun riga. Ya kifa tafin hannunsa na hagu a tsakiyar fatar, yatsu a baje.

"Shi yanko man igiya guda, ba tsinkewa, shi yi ta kewaya hal shi iso ga yatsuna. Ba shi askar da hannunka. Ni ban taɓa ta ba tukuna."

Sodangi ya ce wannan ba ya cikin ƙa'ida. Maccido ya ce gidan yari ma ba ya ciki. Wani daga baya ya ce Baba ya cire hannunsa a sa dutse, ai askar Sodangi gashi take askewa. Tsohon bai ko waiwaya ba.

Sodangi ya dubi hannun nan, duk jijiya, fata kamar takarda. Ƙwarzane ɗaya ya isa. In jini ya fito, ko ɗigo ne, kafin la'asar kasuwa ta ɗauka cewa fursunan Sodangi ya sake yankan mutum. Gara ya mai da askar, su tafi da kunyarsu, Lawali ya je ya yi dako.

"Maigida, ba ni."

Lawali ne. Ya ajiye tabarmarsa gefe, ya goge tafinsa a gwiwa.

"Ba ka taɓa ba," in ji Sodangi ƙasa-ƙasa.

"Ba ni dai."

Ya ba shi.

Lawali ya auna nauyinta a hannu. Ya gwada kaifin a farcensa. Ya matso har gwiwarsa ta taɓa katakon, ya ce wa Maccido ya danne da kyau, in ya ji fatar na son juyawa ya bar ta ta juya ƙarƙashin tafinsa. Ya yi bisimilla ya kafa aska a baki.

Ba askar yake ja ba, fatar yake juyawa. Wannan Sodangi ya fara gani, kuma bai taɓa koya masa ba. Igiya ta fara fita siririya, faɗin karan tsintsiya biyu, tana nannaɗewa a ƙasa. Kewaye ɗaya. Biyu. Biyar. Faifan yana raguwa. Malami ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

Da aka kai goma, tsakanin kaifin da ɗan yatsan Maccido bai fi faɗin yatsa ba. Gumi yana bin hancin Lawali yana ɗiga kan katako. Hannunsa bai girgiza ba. Na tsohon ne ya ɗan motsa.

"Kak ka motsa, Baba," in ji Lawali, bai ɗago ba.

Ya shiga tsakanin babban yatsa da manuni, ya fito. Ya bi bakin farce huɗu, ƙarfe yana shafar su. Ya zagayo gefen tafin ya tsaya daidai inda ya ga ba sauran fata. Ya ɗaga askar, ya juya ta, ya ajiye kan katako da ƙotar tana duban Maccido. Ya ja da baya ya zauna kan dugadugansa.

Maccido ya ɗaga hannunsa ya duba gaba da baya. Ba komai. Abin da ya rage kan katakon ɗan guntun fata ne mai siffar tafinsa. Ya ɗauki igiyar ya bi ta da yatsu tun daga farko, yana neman inda ta yi kauri ko ta sirance. Ya naɗa a hannu biyu ya ja da ƙarfi. Ba ta tsinke ba.

"Wa ak koya maka?"

"Kabewa, Baba."

Lawali ya ce shekararsa ta ƙarshe kicin aka kai shi, saboda bai taɓa faɗa da kowa ba. Akwai wuƙa ɗaya da aka ɗaure da sarƙa a jikin tebur, sarƙar gajera ce, ba ta barin a ja wuƙar, sai dai ka juya abin da kake yankawa. Kabewa talatin yake ferewa kullum. Yana duba bakin guntayen da Maigida yake kawowa, ya koma ya gwada a ɓawon, har ya zama yana fere guda ɓawon bai tsinke ba. Ranar da aka samu ganda kuwa, ranar sallarsa ce. Bai faɗa wa Maigida ba don kunya, kada a ce ya haɗa dukanci da miya.

Malami ya ce to shi ke nan, daga yau duk mai son ɗansa ya iya yanka ya kai shi kicin ɗin gidan yari. Yanzu kam layin ya yi dariya, har da mai shayi. Sodangi bai yi ba. Idonsa na kan askar.

Maccido ya daɗe yana kallonta. Sai ya sa hannu ya ɗauka. Ya kawo ta kusa da baki, leɓɓansa suna motsi, ya tofa sau uku. Ya riƙo ta da hannu biyu, ƙota gaba.

"Karɓi. Ba bayana za ka zamna ba. Nan, kusa gare ni, inda nika ganin hannunka."

Lawali ya karɓa. Sodangi ya sunkuya ya ɗauki tabarmar ya warware ta da kansa, Malami yana jan tasa gefe yana mitar an matse shi.

Ba su gama shimfiɗawa ba ƙarar Vespa ta tsaya a bakin layi.

Mutumin ma'aikata ne, ya zo da wuri. Farar riga mai gajeren hannu, baƙin tabarau, takardu a hammata. Ya yi sallama yana tafe yana cewa gafakar ya zo ɗauka, a ba shi sunan mai aikin ya rubuta, sauri yake. Sodangi ya ɗago zai amsa, sai ya ga kuncin. Daga kunne har haɓa.

Wata uku yana shirya ranar nan, bai taɓa tambayar wa ma'aikata za ta turo ba.

Tukur ya tsaya cak. Ya dubi Lawali. Ya dubi abin da ke hannunsa.

"Wa ya ba wannan wuƙa?"

Sodangi ya taka gaba zai ce shi ne, Maccido ya tare shi da hannun nan na hagu.

"Ni nib ba shi," in ji tsohon. Ya ɗauki gafakar ya ɗora kan sabuwar tabarma. "Kuma ga mai aikin. Buɗe takardarka."

Tukur bai buɗe ba. Tabarau ya cire, ya juya wa layin gefen fuskarsa a hankali, don kowa ya gani da kyau.